Wa Ke Bin Wa

Unguwar Boro, Kaduna
9 ga Fabrairu, 1986

Yaya Haruna,

Gaisuwa a cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya Irene da yara? Yaya gwiwar da ka ce tana damunka? Mu muna nan yadda ka san gidan da aka yi rashi. Baban Celina ya koma aiki a masaƙa, ba ya magana sai an yi masa. Ni ma na koma toya waina a bakin kamfani a Kudenda, don zaman ɗaki ya fi aikin wuya.

Na gode da takardar ta'aziyyarka. Ban amsa da wuri ba, hannuna ne ya ƙi biro. Wata biyu ke nan da taifot ya ɗauke mana Celina, har yanzu ina zuba tuwo kwano uku, har da nata, kafin in tuna.

Ranar Talata na buɗe akwatinta. A ƙarƙashin zannuwa na sami wani farin ƙyalle, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, an rubuta 42 da jan fenti, da fil biyu masu tsatsa a jiki. A cikinsa an naɗe 'yar takarda da rubutunta: "Kawu Haruna ya riƙe lokacina." Shi ke nan, babu ƙari.

Ka san karatuna a aji huɗu ya tsaya, wataƙila abu ne mai sauƙi ni ce ban gane ba. Wane lokaci ka riƙe mata? Ƙyallen kuma na mene ne?

Ga dalilin tambayata. Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, shi ya sa da Celina ta sami kwalejin malamai inda kake malamin wasanni na kwanta na yi barci. Da ka rubuto mana cewa tana bin maza, ban tsaya tambaya ba, na hau mota na je na ɗauko ta. Shekara biyu ke nan. Maganar ba ta mutu tare da ita ba. Ranar jana'iza na ji da kunnena wata a Zumuntar Matan cocinmu tana cewa, "Ai ita ce aka ɗauko daga kwaleji." A Disamba za a yi mata addu'ar tunawa. Kafin ranar ina so in san yarinyar da na binne, in san ko sunan da aka bar ta da shi nata ne.

Ƙanwarka,
Rhoda Jethro

*

Kwalejin Malamai
2 ga Maris, 1986

Ƙanwata Rhoda,

Na sami takardarki. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Irene tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Lokaci na Ubangiji ne, Maman Celina. Babu ɗan Adam da ke riƙe shi. Kada ki bar 'yar takarda ta hana ki barci.

Ƙyallen lambar gudu ce, irin wadda 'yan tsere ke maƙalawa a ƙirji. Wannan ya kawo ni kan abin da ya ɗaga mini hankali a takardarki. Ni ban taɓa cewa Celina ta lalace ba. Abin da nake nufi shi ne tana bin maza filin gudu. In sun fita atisaye da safe tana biye da su, in sun fita da yamma tana biye da su. Ina jin ke ce kika karanta da zuciya.

Amma ɗauko ta da kika yi ba kuskure ba ne. Mu a nan akwai tsari. Mata suna da ƙwallonsu ta raga. Ranar wasanni su ne ke yanka lemo, su miƙa wa 'yan gudu ruwa da gulukos, su wanke riguna bayan an tashi, kuma babu wadda ta taɓa kuka da haka. Celina ta ce ita ba ta zo yanka lemo ba. Ta sa gajeren wando ta shiga cikin samari. Ba ki ji waƙoƙin da suka riƙa yi mata ba, ba zan iya rubuta su ba. Wasu suna zuwa bakin fili ba don kallon gudu ba. Ni kawunta ne, yaya zan yi? Ga shi an daɗe ana faɗa cewa dogon gudu yana taɓa mahaifa. Wa zai auri wadda ta ƙone kamar itace, jijiyoyi duk a waje?

Kare ta na yi. Ki bar maganar nan ta kwanta tare da ita.

Yayanki,
Haruna Tagwai

*

Unguwar Boro
16 ga Maris, 1986

Yaya Haruna,

Muna lafiya, zafi ne kawai ya shigo. Ka gaida Irene, ka ce ina ci.

Takardarka ta zo ta akwatin coci ranar Alhamis. A bakin tanda na karanta ta. Ban san waina ta ƙone ba sai da wani lebura ya ce, "Mama, yau gawayi kike sayarwa?"

Da na koma gida na ciro tsohuwar takardarka daga Littafi Mai Tsarki na Baban Celina. Ga abin da ka rubuta, na kwafa yadda yake: "Ina baƙin cikin sanar da ku cewa Celina tana bin maza safe da yamma, magana ta yi yawa a makaranta. Ku zo ku yi wani abu." Na duba gaba, na juya baya. Babu fili, babu gudu. Ɗauki wannan layin ka kai kasuwar Kakuri, ka karanta wa kowace mace mai 'ya, ka ji abin da za ta ce kana nufi.

Ranar da na je ba ka nan, an ce ka tafi da 'yan ƙwallo. A bakin famfo na same ta tana wanke takalmanta na kambas. Da ta gan ni ta taso da murna, ta ɗauka ziyara na kawo. Na ce ta haɗa kayanta. A mota ta ce, "Mama, bari in gaya miki." Na ce, "Rufe mini baki." Ta rufe. Har ta mutu ba ta sake buɗe shi kan maganar ba. Wannan nawa ne, ba na ɗora maka.

Amma maganar mahaifa, Yaya, ni za ka gaya wa? Ka tuna Ranar Empaya, bikin wasannin zamanin Turawa, a makarantar mishan ta garinmu? An ba mu mata tseren kwalba a ka da na zura zare a allura. Na ajiye kwalbar a gindin ɗorawa, na tattare riga, na shiga layinku. Kai da ƙafafunka kamar na zalɓe, kowa ya ce kai za ka ci. Ka tuna wa ya fara taɓa igiya? Hedimasta ya ce ba a ƙirga mace, ya ba ka kofin nan fari mai shuɗin baki. Kakarka ta sha kunu da shi har ta rasu. Ban ji haushi ba a lokacin. A hanyar gida ka sare mini rake, muka zauna a kan dutsen rafi muna sha, kana cewa ƙaya ce ta soke ka. Bayan wannan gudun na haifi biyar, mahaifar ba ta ce uffan ba.

Ka ce samari suna yi mata waƙa. Su nawa ka rubuta wa iyayensu takarda?

Kuma ba ka amsa mini ba. Na san lokaci na Ubangiji ne, Littafin da kake karantawa shi nake karantawa. Amma ba ta rubuta Ubangiji ya riƙe ba. Kawu Haruna ta rubuta.

Rhoda

*

Unguwar Boro
22 ga Yuni, 1986

Yaya Haruna,

Ina fata kuna lafiya. Wata uku shiru. Kullum Lahadi sai na tambayi sakataren coci, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. In ciwo ne, ka sa Irene ta rubuto. In fushi ne, ka yi haƙuri da bakina, ka san tun muna yara ba shi da linzami.

Damina ta sauka sosai, kogi ya cika har kusa da gada. Masarar da na shuka bayan ɗaki ta kai ƙugu.

Akwai wani Malam George, mai koyar da wasanni a sakandare, yana sayen waina a wurina. Na nuna masa takardar Celina. Ya ce kowane ɗan gudu yana da lokacinsa, wato mintocin da ya ɗauka, ana auna su da agogo a rubuta. Ya ce in ba a rubuta lokacinka ba, kamar ba ka yi gudun ba ne. Don haka yanzu na san abin da nake tambaya.

Kwanakin nan ina yawan tuna ta tana ƙarama, muna Kakuri. Ina zuba wa babanta abinci in ɗaure, in ce ta kai masaƙa kafin a busa jiniyar hutu. Sai ya dawo yana cewa tuwon har ƙona shi ya yi. In na aike ta kanti, kafin in juya tukunya ta dawo, har nakan ce ƙarya take ba ta je ba, sai ta buɗe hannu ga maggin. Na ga duk wannan da idona, amma da takarda ta zo na yarda da takarda.

Ba faɗa nake nema ba. Lambar kawai nake so.

Ƙanwarka,
Rhoda

*

Kwalejin Malamai
20 ga Yuli, 1986

Rhoda,

Lafiyarmu ƙalau, ba ciwo ba ne. Sau huɗu ina rubutawa ina yagawa.

Ranar 18 ga Fabrairu, 1984, aka yi gudun dogon zango na shekara, kilomita takwas, ta bayan gonar makaranta a ƙetare rafi a dawo. Samari arba'in da ɗaya na ba lamba. Celina ta yi wa kanta ta arba'in da biyu da fentin da ya rage. Na gan ta a layi na ƙyale ta. Na ce a raina a rafi za ta zube, ta koyi hankali.

Ina tsaye a bakin igiya da agogo. Wani dogon yaro ya shigo na ɗaya. Ina jiran na biyu, sai ga ta ta ɓullo daga kwanar ɗakin karatu, taɓo har gwiwa. 'Yan matan da ke riƙe da farantan lemo suka watsar da su suka bi ta da guɗa. Yatsana ya danna agogon kafin in yi tunani. Minti talatin da ɗaya da daƙiƙa goma sha biyu. Maza arba'in suna bayanta.

Kin tambaye ni ko na tuna Ranar Empaya. Da ta ɓullo daga kwanar nan ke na gani, da rigarki a tattare. Kuma babu wata ƙaya.

Washegari samarin suka ƙi fitowa atisaye, suka ce an mai da su abin dariya a ɗakin cin abinci, ko ita ko su. Wasannin kwalejoji saura wata guda. Shugaban kwaleji ya kira ni ya ce in san yadda zan yi da 'yar gidanmu. Na tsallake sunanta, na mai da na uku na biyu, na huɗu na uku, haka aka rubuta a allon da ke zauren wasanni. Ta zo ofis sau biyu tana roƙon in ba ta lokacinta a rubuce, ta aika wa hukumar wasanni ta jiha. Na ce ban auna ba. Ta ce, "Kawu, na ga hannunka."

Sai na rubuta muku. Na san abin da kalmar ke nufi. Zaɓen ta na yi, don na san ita kaɗai za ta taso ki daga Kaduna a rana ɗaya, kuma in an tambaye ni ina da hanyar zamewa. Ba ke kika karanta da zuciya ba.

Ga shafin littafina na yago, lokacinta yana jiki da rubutuna na ranar. Na kai maganar gaban kwamitin wasanni. Wasu sun ce allon na maza ne, mata ba su da allo. Bayan doguwar muhawara an yarda a ƙara "C. Jethro" a ƙasan na 1984, da harafi ɗaya kamar na kowa, don kada a ta da ƙura. Ina ganin an samu ci gaba. In kin amince sai in kira mai fenti.

Ban san yadda ake neman gafarar irin wannan ba.

Haruna

*

Unguwar Boro
3 ga Agusta, 1986

Yaya Haruna,

Na gode wa Ubangiji da kuke lafiya. Mu ma haka. Masara ta fitar da goyo.

Na karanta wa Baban Celina takardarka daga farko har ƙarshe. Ya karɓi shafin ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Arba'in?" Na ce arba'in. Ya fita tsakar gida ya tsaya ya ba ni baya, na ƙyale shi. Da ya dawo ya ciro tsohuwar takardarka daga Littafi ya sa shafin a wurinta. Tsohuwar kuma da ita na hura wutar waina da safe.

Na yi kwana uku ba na son jin sunanka, ba zan ɓoye maka ba. A rana ta huɗu na tuna ni ma ban bar ta ta yi magana ba. Na yafe maka, don in ban yafe ba ban san wa zai yafe mini ba.

Amma kada ka kira mai fenti. C na iya zama Christopher, na iya zama Clement. Nan da shekara goma wani zai tsaya gaban allon ya ce, kai, wannan C. Jethro namijin duniya ne. Yarinyar da ke riƙe da farantin lemo kuma ta wuce ba ta san akwai abin da ya shafe ta a wurin ba. Ni kofi aka hana ni, na sha rake na manta. Ita sunanta aka taɓa. In za a rubuta, a rubuta Celina, harafi shida, ni na raɗa mata shi. In ba za a iya ba, a bar allon yadda yake, gara babu da a sake ɓoye ta.

Abu na biyu. Ranar 14 ga Disamba ne addu'ar. Ba takarda nake so ka aiko ba, mun ga abin da takarda ke yi. Ka zo da bakinka.

Rhoda

*

Kwalejin Malamai
16 ga Nuwamba, 1986

Ƙanwata,

Muna lafiya, gwiwar ce ta ɗan motsa.

Sau biyu na mayar da maganar kwamiti, sau biyu aka ƙi. Wani ya ce in aka fara da ɗaya, baɗi goma za su zo. Na ce to sai mu sayi fil ɗin maƙala lamba da yawa. Ba wanda ya yi dariya.

Jiya Asabar na kira mai fenti da kaina, na riƙe masa tsani. An rubuta: Celina Jethro, ta biyu, da lokacinta. Sai dai an yi layukan allon ne daidai harafi ɗaya da sunan uba, don haka nata ya yi tsawo, ya tsallake layi ya shiga gefen katako. Mai fentin ya ce bai yi kyau ba, ko a goge a ƙanƙance shi. Na ce sai na tambaye ki.

Na san Litinin takardar tuhuma tana jirana a ofis. Shekara biyu suka rage mini in yi ritaya, su yi abin da za su yi. Yau da safe na ga 'yan mata uku tsaye a gaban allon, ɗaya tana bin haruffan da yatsa.

Zan zo ranar sha uku in Ubangiji ya yarda.

Haruna

*

Unguwar Boro
21 ga Disamba, 1986

Yaya Haruna,

Ina fata ka isa lafiya, motar ba ta ƙara wa gwiwa ciwo ba. Ka manta hularka a kan kujera, tana nan na ajiye.

Da ka miƙe a gaban Zumuntar Mata da takarda a hannunka, na ce mutumin nan zai zame. Sai ka ninke ta ka sa a aljihu. Ba zan manta yadda ka faɗa ba: "Ni na rubuta cewa Celina tana bin maza, kuma ƙarya na yi. Namiji ɗaya ta bi. Sauran arba'in su suka bi ta, har yau ba su kamo ta ba." Ka ji yadda Mama Juliana shugabarmu ta kasa riƙe dariya, kowa ya ɗauka. Ni ina kuka ina dariya. Rabona da dariya tun bara. Waccan da na gaya maka, mai maganar ranar jana'iza, ta same ni a bakin ƙofa ta riƙe hannuna. Na bar mata hannun.

Baban Celina ya tafi da shafin masaƙa ya nuna wa abokan aikinsa. Yanzu duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ji mintocin, har da daƙiƙa goma sha biyun.

Muna ta hira har ka tafi ban ba ka amsar mai fenti ba. Ka ce sunan ya fita layi. Kada a goge, kada a ƙanƙance. Ita ma ba a layin da aka ba ta ta tsaya ba.

Bayan Ista zan zo in gani da idona. Ka tanadi rake.

Ƙanwarka,
Rhoda